Gurbi Na Uku

Tun da aka kafa sabuwar doka, an daina ba da maganin kilamidiya a leda. Ciwon sanyi ne da ake ɗauka ta saduwa, mai cin mutum bai sani ba, don haka a 'yar batta maganin ke zuwa, kuma ba ta buɗuwa sai duk wanda ciwon ya haɗa ya dangwala yatsa a gurbinsa.

Mamuda ya ajiye tasu a kan tabarma. Matarsa Barira ta goge hannu a zani ta dangwala, shi ma ya dangwala. Battar ko motsi. Sai wani gurbi na uku ya yi ja a gefenta.

"Ta lalace ne," in ji Mamuda. "Bari in ɗauko guduma."

"Kana fasawa maganin zai narke, Malam. Kai ma ka sani."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Shekara da shekaru suna neman haihuwa, ga shi likita ta ce ciwon nan kan toshe hanyar mahaifa a ɓoye. Ya jira kuka, ya jira zagi. Barira ta daɗe tana kallon jan gurbin, sannan ta naɗe battar a ƙyalle ta danƙa masa.

"Yau dai ba zan tambaye ka sunanta ba. Kai mata ta dangwala, ka dawo mini da maganin kafin la'asar. Ita ma mahaifa gare ta."