Tara, Ba Ragi

"Daga ɗaya zuwa goma, ciwon ya kai nawa yau, Mama?" in ji likita.

"Tara."

Ya danna cikinta da yatsu biyu. Ko gezau ba ta yi ba. "Mama, wannan bai kai huɗu ba."

"Tara na ce, ɗana. Ba ragi."

Shekara talatin tana sayar da tukwane, ba wanda ya taɓa kayar da ita a ciniki. Kumburin hanji ne ya durƙusar da ita. Murɗa, zawo da jini, har zani ya daina zama a ƙugunta. Da magunguna suka gaza, aka fara ɗaura mata ruwa mai ketamin sau ɗaya a wata, don ya kashe zafin. Yanzu ciwon ya lafa. Ta sani, gwajin jini ma ya sani.

Likita ya ce maganin in ya daɗe yana ɓata mafitsara, don haka na yau ne na ƙarshe. Ta ce a ƙara uku. Ya ƙi. Ta sauko biyu, ta sauko ɗaya. Ya girgiza kai.

"To a rage gudun ruwan. Wannan kam ba za ku hana ni ba."

Nas ta rage. Ta ɗora mata jakarta a kan kujerar gefen gado, ta ja labule.

Kamar kullum, sai da ruwan ya yi nisa maigidanta ya shigo. Tela ne, bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba. Ya zauna a kujerar, igiyar awo a wuya, rigar nan dai mai ruwan toka.

"Uwar ciniki, yau wa kika cuta?"

"Yau ni aka kayar, malam."

Ya yi dariya har da tari. Ta sake gaya masa an haifa musu jika, ya sake murna kamar bai taɓa ji ba.

"Sun ce na warke," ta ce.

"To ai abin godiya ne. Kukan na mene ne?"

Idonta na kan robar ruwan da ke lotsewa.

Na'ura ta yi ƙara. Nas ta zare allura, ta ɗauko jakar daga inda take tun ɗazu.

"Barka, Mama, kin rabu da mu."

Mama ta sauko daga gado a hankali, ta shafa kujerar. Sanyi ƙalau.

Shekara huɗu da binne shi, ko a mafarki bai taɓa zuwar mata ba, sai a cikin wannan ruwa.