Ɗakin da Ba a Zana Ba

"Saura ɗaki ɗaya," in ji Mama Emilia, ta ɗora yatsa a kan takardar.

Da wannan zanen ɗanta Kumai ya fi kowa maki a ajinsu na zanen gine-gine a Zariya. Ya kawo shi har garinsu, Fadan Kagoma, don ta ga gidan da zai gina mata.

"Ka ƙara ɗaya, ƙofarsa ta kalli hanya."

Ransa ya ɓaci. "Mama, yaƙi ya ƙare tuntuni. Sojojin da za su dawo sun dawo. Yaya Silvanus ya mutu, ki haƙura!"

"Na sani. Na gama kukansa."

"To ɗakin wa?"

Ta bi zanen da yatsa. "Ga nawa. Ga na ƙanwarka. Har awaki ka ba su wuri. Kai fa, ina za ka kwana?"

Kumai ya duba takardar, ya sake dubawa. Tun isowarsa bai sauke jaka ba, don kada jirgin ƙasan da zai shiga a Kafanchan ya bar shi.

Ta naɗe takardar ta miƙa masa. "Shi yaƙi ne ya ɗauke shi. Kai ban san me ya ɗauke ka ba."