Maharbin da Ya Ƙi Zaɓin Karyarsa

Tunda ka ce shawara ta ƙi tsaya maka wuri ɗaya, bari in ba ka misalin wani maharbin tsuntsayen ruwa da ke zaune a bakin wata fadama. Shi nasa harbi ne kawai. Shiga ruwa aikin karyarsa ne, wata ja mai faɗin ƙafa, wadda in dinya ta faɗo can tsakiyar ciyawa sai ta yi iyo ta ɗauko ta, ta ajiye a gabansa ko haƙori ɗaya bai huda fatar ba. To, karya ta tsufa, shi ma gwiwoyinsa sun fara ciwo, kuma haihuwar da ta yi a ƙarƙashin rumbu kowa ya san ita ce ta ƙarshe. Kwiyakwiyai shida, idanu a rufe, suna ta mutsu-mutsu a jikin nono. Tuwon gidan ba zai riƙe fiye da ɗaya ba, sauran biyar maƙwabta sun riga sun yi kamu. Ke nan a cikin shidan nan zai fitar da magajin uwar, in kuwa ya kuskure, shi zai riƙa kutsawa ruwa da tsufansa. Maharban wurin suna da wata dabara da suka gada: ran kwana bakwai a kwashe 'ya'yan a kai su gindin wata bishiya, a saki uwar, wanda ta fara ɗaukowa shi za a riƙe. Sau ɗaya ake yi. Mutumin nan ya yi, karya ta ruga, ta shinshina, ta ɗauko wata 'yar ramammiya mai farin tabo a hanci. Ransa bai so ba, don tuni ya sa ido a kan wani ƙato baƙi. Ya ce ai ta fi kusa ne, shi ya sa.

Washegari ya sake kwashe su, ya ajiye baƙin a gaba. Karya ta tsallake shi ta ɗauki wani dabam. Nan fa hankalinsa ya tashi, ya kasa zaune ya kasa tsaye. In na farko ne gaskiya, me ya kawo na biyu? In na biyu ne, to yaya na jiya? Ya daina fita harbi. Da safe ya kai su gindin tsamiya, da hantsi bayan danga, da la'asar ya sauya musu jeri, yana tsugune yana ƙirga da yatsu, kamar mai auna hatsi da mudun da ya huje. Yana ɗaga wannan ya duba dasashi, yana juya wancan ya duba tafin ƙafa. Uwar kuwa ba ta samun kwanciya ta shayar da su, kullum tana kai-komo da ɗa a baki, harshe waje, nono na ɗiga a ƙasa. Matarsa ta ce, "Maigida, ka bar baiwar Allahn nan ta huta, ai ta ba ka amsa tun ran farko." Ya ce mata me mace ta sani a harkar karnuka. Ran kwana goma sha biyu, idanun 'ya'yan sun fara buɗewa, ya sake kai su bakin fadama, ya koma gida ya zauna yana jira. Bai ga kowa ba. Da jira ya ishe shi ya bi sawu, sai ya hango karyar tana keta ruwa da na ƙarshensu a baki, kanta sama, ta nufi wani tsibiri cikin dogayen ciyayi inda kwale-kwale ba ya shiga. Ya yi mata fito da baki, ya kira sunanta har muryarsa ta dushe. Karyar da shekara tara take kawo masa duk abin da ta ɗauka, ran nan ko waiwaye ba ta yi ba. Bayan wata huɗu aka fara ganin 'ya'yan su shida a gefen ruwa, sun yi ƙato-ƙato, 'yar mai farin tabon nan ta fi duka iyo. Amma kwikwiyon da bai saba da hannun mutum yana ƙarami ba, ba ya sabawa daga baya. Da ya harbo wata dinya ta faɗa ruwa, mai farin tabon ce kuwa ta fara isa wurin. Ta ɗauka, ta dube shi, ta juya da ita tsibiri. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, don da idonsa ya ga zaɓin farko shi ne daidai. Ya jingine bindiga, ya naɗe wando, ya tsaya yana duban ruwan sanyi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.