Lanƙwasar Tullio

Yumɓun yana da sauran ɗumi lokacin da Gualtiero, mai kamfanin ƙera motocin, ya shigo ɗakin zane da kofin gahawa a hannu. Ya zagaya samfurin sabuwar motar da aka sassaƙa da yumɓun, ya tsaya a gabanta, ya ɓata rai. Mota ce mai kyau, doguwa, kwance da ƙasa, hancinta sumul kamar ƙwai. Hancin nan shi ne abin da ya hana shi sakewa.

"Ornella, ina lanƙwasar babana?"

Duk wanda ya tashi a garin Modena na Italiya ya san abin da yake nufi. A gaban Rondine, motar tseren da baban nasa, marigayi Tullio, ya kafa kamfanin da ita, akwai wani kaifin ƙarfe da ya taso daga hanci, ya lanƙwasa bisa fitila, ya ƙare da 'yar ƙugiya. Masu kuɗi daga ƙetare suna zuwa su durƙusa su shafa shi. Ma'aikata suna rantsuwa da shi.

Ornella ce shugabar masu zane, mace marar yawan magana, wadda ko a zafin Agusta ba ta rabuwa da gyalen siliki a wuya. Matasan ɗakin suna tsokanarta da cewa da shi aka haife ta. Ta gyara gyalen, ta yi wa maigidan bayani a natse: sabuwar mota ta ɗauki ƙirar tsohuwar a kafaɗa da ƙugu, wanda ya gan ta daga nesa zai san 'yar gidan ce, amma ba dole 'ya ta gaji komai na uwarta ba. Ta ƙara da cewa a wannan zamani ba a sa kaifi a gaban mota, domin cikin mutane take gudu, ba a jeji ba.

Gualtiero ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce a dakushe shi kaɗan don masu doka, amma lanƙwasar tana nan daram. Waɗanda suka yi alkawarin saye sun ga hotuna sun ce wannan ba Rondine ba ce, sabulu ne mai taya. Kamfanin kuwa numfashi ɗaya ya rage masa. In motar nan ta faɗi, masu bugun ƙarfe da masu ɗinkin kujeru duk gida za su koma.

"Ke 'yar ƙauyen tudu ce," in ji shi. "A ƙofar gidanku babana yake gwada motocinsa. Ya kamata ki fi kowa alfahari."

"Na sani, yallaɓai. Ina jin ƙararsa."

Haka ake yi a lokacin. Ba filin gwaji, sai hanyoyin ƙauye, da sanyin safiya, kaji suna watsewa, tsofaffi suna zagi suna kuma ɗaga hula. Har yau ana ba da labarin yadda Tullio yake shan kwana, da yadda wata shekara da kaka ya dawo daga tudu ya ajiye makulli bai ƙara tuƙi ba. Iyalinsa sun ce idanunsa ne suka raunana.

Ornella ta nemi a bai wa wani aikin. Aka gwada. Sai dai katakon da aka buga ƙarfen asali a kansa ya ƙone tun tuni, hotuna kuma ba sa faɗin zurfi. Hancin tsohuwar Rondine kuwa ya sha gyara har ya ɗan sauya. Kowa ya sassaƙa, Gualtiero ya shafa da tafin hannu ya girgiza kai. Ya girma yana shafa na gaske, hannunsa ba ya ruɗuwa. Ranar Juma'a ya daina roƙo. Ya ce ko ta yi da hannunta kafin masu saye su zo ganin motar, ko ta tattara kayanta, shi kuma ya tara ma'aikata ya faɗa musu wadda ta rufe musu ƙofa.

Ta leƙa ta taga ta ga masu bugun ƙarfe zaune a inuwa suna cin burodi da nama, wasu tun tana sabuwa suke nan. Ta tsani layin nan tsana mai tsanani, amma tsana ba ta ciyar da kowa.

Da rana tsaka ta sallami kowa daga ɗakin. Ba ta ɗauki hoto ba, ba ta ɗauki ma'auni ba. Ta ɗumama yumɓu, ta rufe ido, hannun hagu a wuyanta kamar kullum in tana tunani, na dama riƙe da wuƙar sassaƙa. Hannu biyun suka tafi tare a hankali. Da ta kai ƙugiyar ƙarshe sai ta ajiye wuƙar ta zauna a ƙasa.

Gualtiero ya shigo, ya ɗora tafinsa, ya bi layin daga hanci har ƙarshe. Hawaye suka zubo masa.

"Shi ne. Kamar babana ya tashi. A ina kika samo shi, 'yar nan?"

"Babanka ne ya bar mini," ta ce.

Ya ɗauka yabo ne, ya fita da sauri ya kira mutane su zo su gani. Ornella ta je wurin famfo ta wanke hannu, ta ga yumɓu ya ɓata gyalen, ta kwance shi. Daga ƙasan kunnenta har ƙashin wuya lanƙwasar Tullio tana kwance, farin tabo, har da 'yar ƙugiyarta, a inda Rondine ta zana ta da safiyar da Ornella, tana 'yar shekara huɗu, ta tsuguna a bakin hanya tana tsintar 'ya'yan itace.