Buhun Furen Tei

Dorin ya diro daga jirgin ƙasa a Iași, buhu a kafaɗa, baki har kunne. Yau zai fara ganin iyayen budurwarsa Smaranda. Sharaɗi ɗaya ne, kuma babanta ne ya aiko ta bakinta: wai mahaifiyarta Aglaia ta rantse ba mai auren 'yarta sai ya kawo buhun furen tei na shayi, tsinkar hannunsa, kafin abincin rana.

Matsalar, Dorin masunci ne daga Sulina. Kifi kam ko ido rufe ya san shi. Bishiyar tei kuwa, oho! Gari ya gauraye da ƙamshinta, shi kuma gogan naka ya kama wata bishiya can a gaban tasha, yana ta zage mata farin fure.

"Kai ɗan nan, akuya za ka ba?"

Wani tsoho ne a kan benci, burodi a hammata, sanda a hannu, tun ɗazu yake duba masu saukowa. Dorin ya zayyane masa komai. Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce taso.

Yana ɗingishi yana koyarwa: ganyen kamar zuciya, gefe ɗaya ya fi girma, bakinsa kamar zarto. Furen rawaya ne, yana reto a jikin wani siririn harshe mai haske. "Kar ka yar da harshen, da shi ake dafawa. In ka rasa ta, saurari ƙudan zuma."

Dorin ya hango guda a bakin titi, ya buga ihu, ya rungume ta.

"Ban da wannan! Hayaƙin mota, shayin ɗaci yake min."

Sai can tudun Copou suka tsaya. Dorin ya ɗare wata bishiyar tei yana waƙa, fure na zubo masa a ka, tsoho na nuni da sanda. "Reshen hagu, ya fi zaƙi! Ƙara sama!"

"Kawu, wannan Aglaia da ji zakanya ce!"

"Ba ka ga komai ba, yaro."

Buhu ya cika taf. Tsoho ya yanka masa ta wani lungu, sai ga su a ƙofar gidan su Smaranda. Dorin ya gyara kwala, ya danna ƙararrawa.

Wata gajeriyar mace ta buɗe, hannunta duk gari. Ta kama kumatunsa ta sumbata. "Shigo, ɗana, tun jiya nake maka girki."

"Mama, ga furen da kika ce."

Ta dubi buhun. Ta dubi wanda ke laɓe a bayansa.

"Wane fure? Toader! Burodi na aike ka! Don na hana ka hawa bishiya tunda ka karya ƙugu, shi ne ka ari sunana, ka sa surukinka ya hau maka?"