Ƙarfen Cinyar Barau

Tun da aka hana gini da ƙarfe, ofisoshin Kaduna suka koma na katako, kowane ƙarfe kuwa ya zama na hukuma. Barau, tsohon mai walda, ya je sabunta katin shaida. Yana shiga ƙofa na'urar gano ƙarfe ta yi ƙara.

"Ƙarfen asibiti ne a cinyata, ɗana," in ji shi.

Mai gadi ya maka masa kulki, ya ja shi a ƙasa.

Ya ce, "Kwantar da hankalinka, Baba. Na katako za a sa maka. Shi ke ɗauke da benen nan."

A ɗakin gaba zarto na aiki. Barau ya san kukan zarto a kan ƙarfe, ya san na katako. Wannan ba ko ɗaya ba ne.