Rabin Allo

Tana sunkuyawa za ta taɓa ƙafafunsa, kamar yadda ake yi a nan ranar girmama malamai, sai dattijon malamin nata ya ja da baya.

"Haba 'yata, tashi. Mai haƙƙin mallaka guda durƙushe a ƙasa?"

Ɗalibai suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

A wannan ajin na birnin Chennai ya koya mata dabarar zaɓen lambobin da ba sa rabuwa, waɗanda wayoyi biyu ke ƙulla mabuɗin sirri da su. Da alli ya koyar, bai taɓa wallafawa ba. Bara ta rantse wa hukuma cewa dabarar tata ce. Kamfaninta ya samu rajistar haƙƙin mallakarta, lauyoyinsa suka shiga farautar duk mai amfani da ita.

Ya karɓi alewar laddu da ta kawo, ya raba wa yara. Ta jira faɗa, bai yi ba.

Sai idonta ya kai kan allo. Dabarar ce, an rubuta rabi.

Ya tsaya, alli a dama, tsumma a hagu, babu sauran zolaya a muryarsa.

"Madam, an yarda in ƙarasa musu, ko in goge?"